Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Shagon Bajo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda ba, Uwar Bajo, mai shagon surfani na ƙarshen layin teloli, take sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar kwamfutarta, wadda kowa a layin ya fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce a kan teburin Mai Gyara, bayan gajeruwar jinya wadda ba ita ta nemo wa kanta ba. Uwar Bajo ta ce hannunta ba zai iya riƙe biro ba, shi ya sa ƙanwarta ta karɓa ta rubuta a madadinta. Duk inda aka ji zafi a cikin maganar, na ƙanwar ne. Ita mai shagon tun ranar ba ta ɗaga wa kowa murya ba.

Marigayiyar ta bar duniya tana da shekara goma sha wani abu. A cikin mutane wannan yarinta ce, ko sakandare ba a gama ba. A danginsu kuwa tsufa ne irin wanda ake zuwa kallo. Sa'o'inta sun daɗe da tafiya. 'Ya'yan sa'o'in nata, waɗanda aka fito da su ana kuri wai sun ninka iyayensu gudu, su ma sun bi bayansu, jikokin kuma ga su can jibge a bayan shagon Mai Gyara, ruwa na dukansu rana na dukansu. Dangi ne da ba a bari su tsufa a hankali. Yau a kawo ka cikin kwali ana shafa ka, kafin a gama ɓare ledar da ke jikinka an haifi wanda zai sa mai kai ya ji kunyar nuna ka. Gwaggo ta ga wannan duka daga ƙarƙashin teburinta, ba ta taɓa ɗaga kai ba, aikinta kawai take yi.

Fara ta zo, fara tas, amma shekaru da ƙurar zare suka mayar da ita launin tsohuwar takarda. Akwati ce mai nauyi a ƙarƙashin tebur, allonta a sama mai ƙatuwar ƙeya, wanda sai mutum ya rungume shi kafin ya ɗaga. Tela na shagon kusa shi ya raɗa mata suna, saboda nishin da take yi in an tashe ta. Sai a danna mata maɓalli, ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, can ta ce “ɗit!” sau ɗaya, sannan fankarta ta ɗauka, “gurrr… gurrr…”, wani abu a cikinta yana “ƙarar-ƙarar-ƙarar”. Tela kan leƙo ya ce, “Gwaggo an tashi lafiya? Ya gwiwar?” Tun ana dariya har sunan ya bi ta, hatta shugabannin makarantu in sun zo sai su tambayi lafiyar Gwaggo kafin su tambayi kayansu.

Ga wanda bai san aikinta ba: bajon da ke ƙirjin rigar ɗan makaranta, mai hoton littafi a buɗe ko fitila ko gaggafa, da 'yan ƙananan haruffa zagaye da shi, shi ne abincinta. Uwar Bajo ke zana shi a allo, ɗinki bayan ɗinki, ta zaɓi inda zare zai kwanta da inda zai juya, bajo ɗaya ya ci mata kwanaki. In ta gama, Gwaggo ta haddace shi, ita ke faɗa wa injin surfani inda allura za ta sauka. Duk makarantar da ta taɓa kawo aiki shagon, zanenta na cikin cikin Gwaggo, har da makarantun da suka rufe. Da wannan aikin Uwar Bajo ta riƙe gida bayan rasuwar maigidanta, da shi ta yaye 'ya'yanta daga wuyanta ɗaya bayan ɗaya. Kuma tun da 'ya'yan suka kama ƙasa suke binta ta rufe shagon ta koma gidan Auta, ƙaramin ɗanta, ta zauna. Amsarta ɗaya ce kullum: “Aiki na jirana.” Kowa a dangi ya san muddin Gwaggo na numfashi, ba mai iya tayar da Uwar Bajo daga kujerar nan.

An shaidi marigayiyar da kyawawan halaye, kuma ba irin shaidar da ake yi wa mamaci don kunyar iyalansa ba. Ba ta da roƙo. Tunda ta zo ba ta taɓa cewa a ƙaro mata wani abu ba, ban da wuta da ɗan tsumman goge ƙura. Ba ta da yawo, ba ta da gulma, don kafin wannan jinyar ba a taɓa haɗa ta da intanet ba, ba ta san abin da duniya ke ciki ba kuma ba ta tambaya. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, takan faɗi shiru, in an dawo da ita ta tashi ta ɗora ba tare da ƙorafi ba. Ba ta da sauri, wannan ko masoyanta ba su musa ba. Amma Uwar Bajo ta gina safiyarta a kan wannan nawar: ta danna maɓalli, ta share shago, ta jera zaruruwa, ta zuba wa inji mai, kafin ta ajiye tsintsiya Gwaggo ta kintsa. Ba wadda ta taɓa jiran wata a cikinsu.

Aibinta guda, kuma gaskiya ta hana a ɓoye shi. A shekarunta na ƙarshe ta rikice da kwanan wata. Wani ɗan batir a cikinta ya mutu, don haka kullum sai ta farka tana zaton ranar da aka ƙera ta ce. Kowace safiya Uwar Bajo kan sa tabarau ta gaya mata rana da shekarar da ake ciki, ita kuma ta karɓa ba gardama, gobe ta sake mantawa. An sha ce mata a canza batirin, ba wani abu ba ne. Ta ce a bar shi, gaisuwarsu ke nan.

Ta rasu ta bar miji, Dogo, injin surfanin da ya cinye rabin shagon, wanda suka zo tare a mota ɗaya. Waya ce mai kauri ta haɗa su, mai faffaɗan kai da kusoshi biyu da ake murɗawa da yatsa, kuma tunda aka murɗa su ba a kwance ba sai a wannan jinyar. Dogo lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi. Sai dai ba ya jin yaren kowa sai nata. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da shiga cikin wani kamfanin, wanda shi ma wani ya haɗiye, kuma kwamfutocin yanzu ko kafar da za a soka wayar tasa ba a yi musu. An ce namiji ba ya takaba. Duk wanda ya leƙa shagon a makon nan ya ga Dogo tsaye da allura a sama, zare ja na lilo daga hancinta, zai sake tunani.

Ta kuma bar allon madannai wanda yatsun Uwar Bajo suka cinye haruffansa, har ba mai iya rubutu da shi sai ita. Ta bar linzaminta, wato maus, mai ƙwallo a ciki, da mayafin da aka ɗinka mata daga ragowar yadin makaranta. Ta bar gwangwani guda cike da ƙananan faifai masu kusurwa huɗu, inda aka taɓa kwafe wasu zane-zanen don gudun irin wannan rana. Wataƙila lafiyarsu ƙalau, Allah masani. An zaga gari da su ba a samu injin da ya rage mai bakin da zai karɓe su ba.

Game da ciwon ajalinta, mutane sun yi ta faɗin abin da ba su sani ba, don haka ga yadda aka yi. Ana gab da komawa makaranta, lokacin da aiki ya fi yawa, Auta ya zo gaishe da mahaifiyarsa. Ya tarar da wani shugaban makaranta tsaye da sabon zane a wayarsa, ba hanyar da za a tura wa Gwaggo, sai Uwar Bajo ta ƙura wa wayar ido ta sake zana shi da hannu. Abin ya tsaya wa Auta a rai. Yaro ne mai jin ƙan uwarsa tun yana ƙarami, kuma a rubuta wannan da manyan baƙaƙe: ba mugunta ta kawo shi ba. Washegari ya dawo da wani ɗan abu kamar ɗan yatsa, ya tarar ta tafi sayen zare, ya soka wa Gwaggo shi ya haɗa ta da intanet, don uwarsa ta dawo ta tarar da abin mamaki. Ba a jima ba rubutu ya fito a allo, wai akwai sababbin gyare-gyare, ko a saka? Ya danna a saka. Wane ɗa ne za a tambaya ko a sabunta wa uwarsa kaya ya ce a'a?

Abin da aka ɗura mata ya fi ƙarfin cikinta. An yi shi ne don jikokinta, masu faɗin ƙirji. Da gari ya waye Uwar Bajo ta danna maɓalli, ta share shago, ta jera zare, ta zuba mai, ta ajiye tsintsiya, Gwaggo ba ta kintsa ba. Sai wajen hantsi ta buɗe ido, kuma da aka ce ta yi wa Dogo magana sai ta rubuta cewa ba ta ga kowa ba. Ga shi tsaye kusa da ita, wayarsu a ɗaure, amma ta daina gane shi. Fankarta ta koma kuka, “wuuuu”, ba tsayawa, jikinta ya yi zafi har ba a iya ɗora hannu. Garin neman gira an rasa ido.

Auta ya rikice, ya ce a kai ta wajen Mai Gyara a cire abin da ya saka. Ya kwance kusoshin nan biyu, ya ɗauke ta ya sa a bayan mota. Gwaggo da ba ta taɓa fita daga ƙarƙashin tebur ba tun ranar da ta shigo, ta sha ramukan hanya tun daga layin teloli har kasuwar 'yan waya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da aka jona ta a can, ba “ɗit” ba “gurrr”, sai wata ƙara da ba a taɓa jin ta yi ba, siririya, a jere: “tik… tik… tik…”

Mai Gyara ya kara kunne, ya ɗago.

“Mama, wannan ƙarar faifan ne, inda take ajiye komai. In ya fara haka, sai dai haƙuri.”

“To a canza shi mana, ɗana.”

“Irinsa tun ina koyon aiki na daina gani. Kuma ko na samo wani, fanko zai zo. Abin da ke cikin wannan ba zai fito ba.”

“Zanena fa?”

Mai Gyara ya mayar da idonsa kan sukundireban da ke hannunsa. Ya gwada, a ba shi haƙƙinsa, ya kira abokan sana'a, ya juya ta ya kwantar, ya tayar. Uwar Bajo na zaune a kan benci da mayafin Gwaggo a cinyarta, tsakanin samari masu jiran a canza musu gilashin waya. Ranar Talata, ana cikin gwaji, ƙarar ta tsaya. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya ita ma. Wani daga cikin samarin ya tambaya ko an gama da tasa wayar.

Auta bai zauna ba. Idonsa jawur ya shiga kasuwa ya fito da sabuwa, siririya kamar faranti, mai buɗe ido kafin a ɗauke yatsa daga maɓalli. Aka kawo ta shago aka juya ta gaba da baya, ba kafar da wayar Dogo za ta shiga. Aka sayo mahaɗi, aka sayo mahaɗin mahaɗi, Dogo ko gezau. Manhajar zanen ma baƙuwar ta ce ba ta san ta ba, ta tsufa. Mai sayarwa ya ce ai abin mai sauƙi ne, a canza injin ma, akwai sababbi masu tafiya da irin wannan. Da aka tambaye shi su kuma shekara nawa za su yi, ya yi murmushi ya ce ai kafin nan wasu sun fito. Bai ji kunya ba, don a wajensa albishir yake yi.

Makarantu kuwa ba su jira ba, kuma ba a ga laifinsu ba, yara ba za su shiga aji da ƙirji fayau ba. Ɗaya bayan ɗaya suka koma sabon shagon bakin titi, inda ake manna bajo da zafi kamar guga, wanda kan fara ɓarewa tun wankin farko. Wani shugaban makaranta da ya shekara da shekaru yana kawo aiki ya zo da kansa ya yi ta'aziyya, ya zauna, ya jajanta sosai. Da zai tafi ya ce ko za a taimaka a ba shi yadinsa da ya kawo.

A zaman makokin ne aka yi maganar da ta sa ƙanwar ta ce lallai sai an rubuta wannan sanarwa. Dangi sun cika shagon, wasu a benci wasu a bakin ƙofa. Tela ya shigo, ya dubi gurbin da Gwaggo ta bari a ƙarƙashin tebur, inda siminti ya fi ko'ina haske, ya girgiza kai.

“Ai ta yi ƙoƙari, baiwar Allah. Ta yi abin da ya fi ƙarfinta. Ta huta.”

Aka ce haka ne, ta huta. Auta na durƙushe gefen mahaifiyarsa, tun ranar bai iya haɗa ido da ita ba. Ya yi ƙasa da murya.

“Umma, ki yafe mini. Ke ma kin yi ƙoƙari, ki huta haka. Ɗakinki na nan, an gyara, har fenti an yi.”

Bai ji abin da ya faɗa ba. Ita ta ji. Kalmar da aka gama yi wa mamaciya shaida da ita, ko sanyi ba ta yi ba, aka miƙo mata. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

“Yaushe aka yi fentin?”

Matar Auta, yarinyar kirki wadda ba ta iya ƙarya ba, ta ce, “Ai tun bara, Umma.”

Uwar Bajo ta gyaɗa kai. Ba ta yi fushi ba, don ta san ba wanda ya shirya wa Gwaggo mutuwa, faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama. Ta buɗe baki kamar za ta ba da amsar da ta saba, sai ta dubi Dogo, ta dubi teburin, ta ga ba aikin da ke jiranta. Ta ce, “To.” Ƙanwar da ke wannan rubutu tana wurin ranar da yayarta ta rasa miji, kuma ko a ranar ba ta ga kafaɗunta sun sauka haka ba. Abin ya yi mata ciwo, har yanzu yana yi mata, kuma ba ta yafe wa masu ƙera waɗannan kaya ba, da suke haɗa abu tare da ranar da za a daina yi masa magana.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar da safe a ƙofar shagon. Ba za a yi wa marigayiyar wanka ba, don ita da ruwa ba su taɓa shiri ba, Uwar Bajo za ta goge ta da hannunta ta rufe ta da mayafinta. Ba salla, tunda ba rai gare ta ba, kada wani ya zo da alwala ya ce an yaudare shi. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kurarsa da sikelinsa. An roƙe shi kada ya fasa ta a gaban iyalai, ya bari sai ya sha kwana, kuma ya amsa.

Dogo zai bi ta a kura ɗaya. An faɗa wa mai ƙarafan cewa lafiyarsa ƙalau, allurarsa sabuwa ce, ya ce shi ba ruwansa da lafiya, ƙarfe ƙarfe ne. Ana neman maza masu ƙarfi daga layin su taimaka wajen fito da shi, don sai an cire ƙyauren shagon. Bayan an tashi za a miƙa mabuɗi ga mai ginin da ya ba da hayar shagon, wanda ya riga ya yi alkawarin wurin ga wani mai sayar da caja da rigunan waya.

Iyalai sun ce kada kowa ya wahalar da kansa da kawo wani abu. Roƙo ɗaya Uwar Bajo ta yi, kuma ta ce a rubuta shi yadda ta faɗa. Duk uwar da ke da tsohuwar rigar makaranta a ƙasan akwati, wadda yaro ya girme ta ko ta yage, kafin a mayar da ita tsumma, a duba ƙirjin. In bajon ɗinki ne ba manne ba, a sa almakashi a yanko mata shi, ko ya koɗe, ko na wace makaranta ne. Duk tsawon shekarun nan ba ta ajiye wa kanta ko guda ɗaya ba, don ta ɗauka suna wurin Gwaggo.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a gidan Auta, ɗakin baya, mai sabon fenti. Ba a sa rana ba, ba a sa lokaci ba. Duk sa'ar da aka zo za a same ta.